Ga Ƙannena Masu Busa Turombon a Jami'a

A wani bikin aure a Jos na ga yaron, ɗan wani marigayi abokina da muka yi Birged tare, wato ƙungiyar yara maza ta coci mai fareti da busa. Tun daga bakin ƙofa na gane busarsa, don irin ta ubansa ce, mai kauri da cika ɗaki. Da aka tashi ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, turombon ɗinsa rataye a gwiwar hannu, leɓensa na sama ya yi ja ya kumbura. Yana aji uku a sashen kiɗa na wata jami'a. Ya ce, "Baba, ina so in jingine karatun na shekara ɗaya. Ogan band ya ce akwai aiki daga Nuwamba har Ista, Abuja da Legas." Ya miƙo mini waya in ga bidiyonsa da yawan waɗanda suka kalla. Na tambaye shi me malaminsa ya ba shi ya koya a wannan zangon. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai wannan kayan Turawa ne. Wa zai yi maka liƙi a kansa?"

Ban iya ba shi amsa a wurin ba. Ni ma haka na faɗa wa nawa malamin, kusan kalma da kalma, shekara ashirin da wani abu da suka wuce.

Da kunne na koyi busa, kamar yawancinmu a Arewa. Wani tsohon ɗan badujalar 'yan sanda ne ya fara ɗora mini kayan a kafaɗa a bayan coci, ina ɗan shekara goma sha biyu, hannuna bai ma kai matsayi na bakwai ba. Ga wanda bai sani ba, turombon ba shi da maɓallai irin na turampet. Bututu ne da ake ja ana turawa, yana da matsayi bakwai, kuma babu wata alama a jikinsa da ke nuna su. Kunne da hannu ne ke nemo su. To Allah ya ba ni kunnen. Waƙa sau ɗaya nake ji in busa ta. Abin da aka rubuta mana kuwa da do-re-mi ne a littafin makaranta mai layi, wannan ma sai in kalla sau ɗaya in rufe. Kafin in gama sakandare duk jana'izar babban mutum da duk fareti sai an aiko nemana.

Da wannan girman kan na shiga jami'a a Kudu. Malamina dattijo ne mai sanyin murya. Ranar farko ya ce in busa masa abin da na fi iyawa, na busa har tagogi suka ɗauka. Ya ce madalla. Sai ya ce in riƙe sauti ɗaya tak, a hankali, in ƙirga goma sha shida kada ya yi rawa. Ban kai takwas ba ya fara karkarwa. Ya buɗe littafin Rochut, wanda ke ɗauke da darussan rera waƙa na Bordogni da aka mayar wa turombon aka buga a 1928, ya ce shafin farko kaɗai zan yi har mako biyu. Na fita raina a ɓace. Ni da ake kira daga gari zuwa gari, a ce in zauna ina jan sauti ɗaya kamar ɗan koyo?

Na ƙi rubutun kiɗa mai layi biyar, wannan shi ne babban laifina. Makulli shi ne alamar farkon layi da ke nuna sautin da kowane layi ke nufi. Makullin bas na koya sama-sama don in ci jarrabawa. Makullin teno kuwa, wanda rabin kiɗan mai turombon na gaske da shi ake rubutawa, na ce ba zan wahalar da kaina ba. Dabarata ita ce in sa abokina ya busa mini darasin sau biyu da daddare, in haddace, da safe in je in tsaya gaban takarda kamar ina karantawa. Dattijon ya gane. Wata rana ya sa yatsa a tsakiyar shafi ya ce in fara daga nan. Na tsaya shiru. Bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Kunnenka zai kai ka bakin ƙofa, amma ba zai shigar da kai ba."

Amma a yi mini adalci. Ba don sakarci kaɗai na riƙa gudu wajen biki ba. Mahaifina ya yi ritaya, fanshonsa sai an ga dama, ƙanne huɗu na bayana. Kuɗin da nake samu daren Juma'a da Asabar shi ke biyan ɗakina, har in aika wani abu gida. Wanda ya ƙoshi ne ke iya zama awa uku yana jan sauti ɗaya. Kuma sashen namu ba shi da kayan kirki, turombon biyu ne na makaranta, ɗaya bututunsa ya lotsa yana cijewa a matsayi na huɗu, ɗaya kuma da roba muka ɗaure maɓallin zubar da ruwansa. Man shafa bututu ma ba mu da shi, man keken ɗinki na riƙa zubawa har ya daskare da ƙurar hunturu. Idan na tuna wannan sai in ce ban yi laifi ba. Sai kuma in tuna akwai wata yarinya a ajinmu da ta fi ni talauci, ita ma tana zuwa bikin, amma ƙarfe shida na safe tana bayan ɗakin karatu da takardarta. Yanzu tana koyarwa a wata jami'a a waje. To ba talauci ba ne. Ko dai ba shi kaɗai ba ne.

Damar ta zo ina aji huɗu. Wani baƙon malami ya zo daga Amurka ya yi mako guda yana horar da masu busa, kuma ya ce zai saurari duk mai son ya nemi gurbin digiri na biyu a makarantarsu, irin wanda ɗalibi ke koyar da 'yan ajin farko a yafe masa kuɗin makaranta har a ba shi ɗan alawus. Malamina ya sa sunana. Ya roƙe ni in huta kwana uku kafin ranar. Daren jajibiri aka kira ni wani bikin attajiri, kuɗin ya yi yawa, na tafi. Na busa tun tara na dare har kusan asuba, da ƙarfi, ina danna bakin kayan a leɓe don in kai sautin sama. Da safe leɓena ya tsage ta ciki, ina jin ɗanɗanon jini.

Duk da haka kashin farko na kiɗan Ferdinand David, wanda ya rubuta a 1837 kuma har yau ake nema a gwajin shiga makarantu, na busa shi ba laifi, don na haddace shi daga kaset. Mutumin ya gyaɗa kai. Sai ya ciro takarda ɗaya daga jakarsa ya ɗora a gabana, layi huɗu kacal, da makullin teno. Tuba mirum ne, daga kiɗan makoki na Mozart, inda mai turombon na biyu ke busa shi kaɗai tare da mawaƙi. Duk ɗalibin turombon a duniya ya san wannan wurin. Ni ban taɓa ganinsa ba. Na fara a sautin da ba shi ba, na tsaya, na sake farawa, na sake tsayawa. Abin da ban manta ba har yau shi ne malamina a kujerar baya, ya cire tabarau yana gogewa da bakin rigarsa, ya ƙi ɗaga kai. Baƙon ya ce sautina kyakkyawa ne, ya gode. Minti goma sha biyu duka-duka.

Na gama digirin da ƙyar. Bayan bautar ƙasa aka yi mini tayin koyar da band a wata sakandare, na ƙi, wai ni mabushi ne, ba malamin yara ba. Na yi shekara tara ina bin band-band. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi, na ga garuruwa, na yi aure da kuɗin busa. Amma duk lokacin da aikin sutudiyo ya taso, ko wata babbar ƙungiyar mawaƙa ta nemi masu busa don Kirsimeti, sai a raba takardu, ni kuma in nemi uzuri. A ƙarshe koyarwar da na raina ita ta riƙe ni. Ina da shekara talatin da huɗu na zauna na koyi makullin teno, a ɓoye, da littafin yara, don kada ɗalibaina su gane.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari goma, ƙannena. Da na duba sai na ga yawancinsu surutu ne. Ga waɗanda suka rage.

Ku koyi karanta rubutun kiɗa. Makullin bas, na teno, har da na alto. Kullum ku buɗe shafin da ba ku taɓa gani ba ku busa shi, ko minti goma ne, ko da kuskure. Babu wata ƙofa da ba ta neman wannan. Jarrabawar kiɗa ta hukumar ABRSM ta Birtaniya, mai mataki ɗaya zuwa takwas, tana da sashen karanta abin da ba a shirya ba. Makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan a Legas, wadda ke ba da difloma ta shekara biyu da tallafin gidauniyar MTN, sai an yi gwaji ake shiga. Badujalar soja da ta sojan ruwa da ta 'yan sanda duk da takarda suke fareti. Kuma ku daina ce mini kayan Turawa ne. J.J. Johnson na Amurka baƙar fata ne, shi ya nuna wa duniya turombon na iya gudun jaz na zamani, kuma da hannunsa yake rubuta kiɗa har na fina-finai. Wayar da kuke ɗaukar bidiyon kanku da ita ma ai ba a Bukuru aka ƙera ta ba.

Abin da ke ba ni haushi da ku ke nan. Mu kaset ɗaya muke yawo da shi har ya tsinke. Ku ga Joseph Alessi, shugaban masu turombon na ƙungiyar New York Philharmonic tun 1985, yana koyarwa a cikin aljihunku. Ga Christian Lindberg na Suwidin. Tsofaffin littattafai da yawa suna intanet kyauta. Ƙungiyar masu turombon ta duniya, wadda aka kafa a 1972, tana shirya gasar ɗalibai duk shekara, kuma da sautin da aka naɗa ake shiga zagayen farko, ba sai ka sayi tikitin jirgi ba. Amma me kuke yi da datar? Daƙiƙa talatin na ihu a sautin sama, sai zaman ƙirga masu yabo. Ku naɗi kanku kuna jan sauti ɗaya a hankali, ku saurara ku kaɗai, a nan za ku ji gaskiya.

Kada ku jingine karatu saboda kakar biki. Disamba na zuwa kowace shekara, malami mai haƙuri da ɗakin atisaye kuwa shekara huɗu ne. Idan kuna da niyyar waje, ku sani yawancin makarantun kiɗa na Amurka farkon Disamba suke rufe karɓar takardu, kuma da bidiyo suke fara tacewa, wato daidai lokacin da leɓenku ke kumbure da biki. A Jamus yawancin makarantun kiɗa na gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, sai dai wasu, kamar na jihar Baden-Württemberg da ke karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga 'yan wajen Tarayyar Turai, amma sai ka iya Jamusanci kuma ka je da ƙafarka ka yi gwaji. Wannan shiri ne na shekara biyu, ba na wata biyu ba.

Sai dai kuma ban ce ku ƙi biki ba. Ku je. Wanda bai taɓa busa a gaban mutane ɗari biyar masu rawa ba, bai san lokaci ba, kuma na ga masu takardar digiri da ba sa iya bin ganga. Ƙungiyar kiɗa babba ma, irin ta New York Philharmonic ɗin nan, masu turombon kaɗan take ɗauka, yawanci uku ne ke busa, teno biyu da bas ɗaya, kuma wanda ya samu kujerar yakan tsufa a kanta. A ƙasarmu ma irin waɗannan kujerun masu albashi kusan babu su. Don haka biki da coci da sutudiyo su ne abincinku, ko kun je waje ko ba ku je ba. Na san wannan ya ci karo da abin da na faɗa a sama. Ni ma ban iya haɗa su ba a lokacina, shi ya sa nake wannan rubutun. Abin da na sani kawai, idan gwaji na gabanka, ko nawa aka ba ka kada ka busa daren jajibiri.

Koyarwa kuma, ku fara tun kuna ɗalibai. Ku je Birged ɗin unguwarku ko wata firamare ku ɗauki yara biyu. Ranar da yaro ya tambaye ka me ya sa sautinsa ke fashewa, ka rasa amsa, ranar za ka koma ka duba naka numfashin. Kuma gurbin karatun da na rasa ɗin nan, ai malami suke nema, ba gwanin biki ba.

Yaron na kira shi washegari. Na ba shi wannan labarin duka, har da tabaran malamina, abin da ban taɓa gaya wa ubansa ba. Ya saurara da ladabi, ya ce, "To Baba, zan yi tunani." Na san wannan amsar, ni ma ita na bayar. Na ce ya zo gida ranar Laraba da kayansa, na ciro tsohon Rochut ɗina da bangonsa ya rabu, na ɗora a kan tebur. Ogan band ɗin kuma ya ce ranar Alhamis motarsu za ta tashi.