Daga Kano zuwa Baƙin Daji: shirin zuwa matsirgar Triberg

Bakanon da ya sauka a kudancin Jamus yakan yi watanni bai san komai ba sai ɗakinsa, ajin koyon Jamusanci da ofishin baƙi. Ranar da abokan zama suka ce a tafi dutse kallon ruwa, sai ya ɗauka irin hawan Dala ne da yamma, silifas a ƙafa. A nan ake fara shan wuya.

Matsirgar da aka fi kai baƙi ita ce ta Triberg, a cikin duwatsun Baƙin Daji, wato Schwarzwald a bakin masu ƙasar, jihar Baden-Württemberg. Kogin Gutach ne ke tsirgowa mita 163, amma ba faɗuwa ɗaya ba, hawa bakwai ne, kowanne da tasa ƙara. Mutanen garin na tallata ta a matsayin mafi tsawo a Jamus. Cika baki ne: ta Röthbach, can a Bavariya, ta kai wajen mita 470, sai dai isa gare ta aiki ne, ita kuwa Triberg daga bakin titi ake shiga.

Jirgin ƙasa ya fi sauƙi. Wanda ke tashi daga Karlsruhe zuwa Konstanz yana tsayawa a Triberg, daga Offenburg tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, kuma dab da Triberg jirgin yana ratsa ramukan dutse da yawa. Tikitin wata-wata na Deutschlandticket ya wadatar, amma a kan jiragen yanki kaɗai. Sabon zuwa yakan ga farin jirgin dogon zango mai rubutun ICE ko IC a jiki ya faɗa, mai duba tikiti ya rubuta masa tara, aƙalla Yuro 60, kuma "Allah ya ba ka haƙuri" ba ta aiki a nan. Daga tasha zuwa ƙofar matsirgar hawa ne na fiye da kilomita ɗaya. Mai yara ko tsoho ya jira bas.

Maganar takalmi ita ce babba. Feshin ruwa ba ya barin matakala da gadojin katako su bushe, gansakuka ta lulluɓe duwatsun, santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. Sau-ciki mai sulɓin ƙasa da takalmin fata na zuwa Juma'a duk kayan faɗuwa ne. Ana son mai kaushin ƙasa da ke riƙe idon sahu. Wanda bai taso daga Kano ba tukuna ya leƙa 'yan gwanjon Ƙofar Wambai, ya haɗa da rigar ruwa mai hula. Abin da zai biya a can bai kai rabin na kantin Turai ba. Babbar riga da dogon mayafi kuwa a bar su a gida, ko a tattare su sama, don suna jan ruwa suna kama ƙarfen dafawa.

Ruwan ya fi ƙarfi daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ƙanƙara ke narkewa, ko bayan mamakon ruwan sama. Da hunturunsu ana rufe wasu sassan hanyar saboda ƙanƙara, sai dai kallo daga ƙasa.

Akwai kaska. Ba ta shanu kaɗai ba, tana kama mutum a ciyawa, kuma kusan duk jihar tana cikin yankin da kaska ke ɗauke da cutar kumburin ƙwaƙwalwa da suke kira FSME. Akwai allurar rigakafi, likitan unguwa yana yi. A cusa ƙafar wando cikin safa, a duba jiki da dare, musamman bayan gwiwa, hammata da kan yara. In an same ta, a kama ta da hantsaki dab da fata a zare a hankali. Shafa mata mai ko kananzir irin na gida yana sa ta amayar da abin cikinta cikin jini.

A tafi da guzuri, domin ranar Lahadi manyan kantuna a rufe suke. Abubuwa biyu da yankin ya yi suna a kansu duk ba namu ba ne: kyafaffen naman Baƙin Daji na alade ne, shahararren kek ɗinsu mai ceri kuma da barasar Kirschwasser ake jiƙa shi, ko da kamanninsa na yara ne. A tambaya kafin a saya. Alwala a yi ta tun daga gida ko a tasha, a riƙe ƙaramar darduma. Da tsakiyar bazararsu, wajen Yuni da Yuli, rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, akwai sararin La'asar.

A bakin ƙofa ana sayar da gyaɗa a ƴar takarda don kuregun dajin, waɗanda suka saba da mutane har suna karɓa daga tafin hannu. Ɗan garin dalar gyaɗa zai ga farashin ya yi salati, amma yara ba za su bari a wuce ba.