Yadda na yi jinyar soriyasis da maganin gargajiyar Indiya

Da farko na ɗauka amosani ne. Ina shekarata ta biyu ta karatu a Bangalor ta Indiya, a 2019, kullum na tashi sai in tarar da ɓawon fata kamar dusa a kan matashin kai. Daga baya abin ya gangaro bayan kunne, ya kama gwiwar hannu da ta ƙafa. A baƙar fata ba ya yin ja kamar yadda littattafai ke nunawa. Duhu yake yi, samansa toka-toka, in ka sosa sai ɗigon jini ya tsattsafo. Wani ya ce makero ne, wani ya ce ƙyasbi. Likitar fata ce ta faɗa min sunansa, soriyasis. Ta ce garkuwar jikina ce ke azalzalar fata, sabuntawar da take yi a kusan wata guda ta koma 'yan kwanaki, sai ta taru ta yi kauri. Ba a ɗauka. Kuma ba ya rabuwa da mutum, lafawa yake yi ya dawo.

Wannan magana ta ƙarshe ce zuciyata ta ƙi karɓa. Shi ya sa da abokin karatuna ɗan jihar Kerala ya ce in bi shi garinsu in ga likitan Ayurbeda, wato maganin gargajiyar Indiya, ban yi wata-wata ba.

Dattijon ya riƙe tsintsiyar hannuna ya daɗe shiru, ya duba harshena, sannan ya shiga tambaya: me nake ci, ƙarfe nawa nake barci, yaya bayan gida. Su masu Ayurbeda kitibha suke kiran irin wannan lalura. Kwana 14 na yi a wurinsu. An ba ni narkakken man shanu mai haɗe da magani, kowace safiya a ƙara yawansa, sannan aka yi min wankin ciki. Wannan kam na ji jiki. Wanda ba na mantawa shi ne takradara: ka kwanta rigingine a kan gadon katako, a rataye kaskon ƙasa mai huji a saman kanka, nono irin tsalarmu ya riƙa zuba a goshi, sirit, ba yankewa. Wata uku ke nan ƙaiƙayi bai bar ni na runtsa da kyau ba, amma ran nan sai da aka tashe ni.

Na dawo da man kwakwa da aka jiƙa ganyen wata bishiya mai suna wetpalai a ciki aka shanya a rana, da umarnin yin wanka da ruwan ganyen nim. Da na gaya wa Umma a waya ta ce, "Ikon Allah! Ai dogonyaro ne, ga shi nan ƙofar gida." Gaskiyarta, daga can Indiya asalinsa yake. An kuma hana ni haɗa kifi da madara, da shan kindirmo da dare, da yawan tsami da gishiri.

Ɓawon ya yi laushi, ƙaiƙayi ya ragu sosai. A nan na tafka kuskure. Ganin sauƙi ya sa na ajiye man asibiti da likitar fata ta ba ni, na sayi wasu ƙwayoyi marasa suna a hannun wani mai shago da ya rantse min za su tumɓuke cutar. Bayan mako 6 sai kasala da tashin zuciya, gwajin jini ya nuna hantata ta fara taɓuwa. Likitar ba ta yi min faɗa ba. Ta dai ce wani bincike da aka yi a Boston ta Amurka a 2004 ya gano dalma ko zaiba ko gubar asanik a ɗaya cikin biyar na irin waɗannan magunguna da aka gwada. Jikina ya yi sanyi, don mu mun san abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara. Tun daga nan ba na haɗiyar komai sai ta gani.

A ganina, abin da ya fi yi min aiki ɗabi'un da dattijon ya dasa min ne. Barci da wuri. Wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, in shafa mai tun jikina da danshi. Rana ta hantsi minti 10. Na daina ɓamɓare ɓawo, don duk inda fata ta ji ciwo nan sabon tabo ke iya tsirowa. Na kuma lura lokacin jarrabawa yake fi tashi, don haka na koyi rage wa kaina damuwa.

Yanzu ina gida Katsina, kuma hunturu ne babban gwajina. Da iska ta juya nake komawa kan man asibiti, in ɗora man kaɗanya a sama safe da dare. Bana tabo biyu ne suka fito, duka a gwiwar hagu, kuma har na iya sa riga mai gajeren hannu zuwa kasuwa.