Darussa daga aikin tantance foraminifera na duwatsun Damargu

Arewa da Damagaram, wajen Tanut, akwai duwatsun da suka kwanta lokacin da teku ya ratsa Sahara, shekara wajen miliyan 94 da suka wuce. A cikinsu ana samun ƙwanson foraminifera, halittu masu ƙwayar rai ɗaya, wasunsu masu yawo a saman ruwa. Yawancinsu ba su kai rabin milimita ba. Abin da aikin ke koya wa mutum shi ne, yawancin sunayen da ake bayarwa bisa kuskure tun wurin wankin samfurin dutse aka ɓata su.

Ana ɗaukar giram 100 na dutsen laka, a busar, a jiƙa a ruwan oksijene (hydrogen peroxide) mai sauƙi har ya saki, sannan a wanke a rariya mai ido maikron 63. Idan ruwan ya yi ƙarfi, ƙwanson da ma'adinin firit ya cika sai ya farfashe. Rariyar ma abin lura ce: ƙwanso ɗaya da ya maƙale daga samfurin baya ya isa ya gurɓata shekarun da za a ƙiyasta wa samfurin gaba. Shi ya sa ake tsoma ta a shuɗin metilen tsakanin samfuri da samfuri, duk baƙon da ya shigo a gane shi da launinsa. Busarwa kada ta wuce digiri 50. Da hunturu kuwa a rufe tiren, ƙurar Damagaram ba ta barin komai.

A ƙarƙashin madubin ƙara girma, da siririn buroshi mai laima ake tsinta, a tara kamar 300 kafin a ce komai. Kowane ƙwanso mai naɗi a duba shi ta baya, ta cibiya, da ta gefe. A ƙirga ɗakunan zagayen ƙarshe, a ga inda bakin yake, ko gefen na da kaifi, ko bangon na da zane. A cikin ire-irensu, Heterohelix ɗakunanta layi biyu ne, Guembelitria layi uku, Globotruncana kuwa naɗaɗɗiya ce mai kaifin gefe.

A nan ɗalibai ke gaggawa. Ƙwanson ƙarami bai gama ɗakunansa ba, sai ya yi kama da wani jinsi. Wanda nauyin dutse ya danne, ko ma'adinin bangonsa ya sake siffa, shi ma yana ruɗi. A ganina, wanda bai jera manya da ƙanana ya auna su ba, bai kamata ya ce ya samo sabon jinsi ba. Idan kuma sabo ne da gaske, dokar sunayen dabbobi tun shekarar 2000 ta wajabta a ware ƙwanso na asali, ɗaya ko rukuni, a faɗi inda za a ajiye shi; bayyana abin da ya raba shi da danginsa kuwa tun kafin nan wajibi ne.

Samfurin rijiyoyin mai, irin na Agadem, yana da tasa matsala: ɓarɓashin sama yana zubowa ƙasa yayin haƙa. Don haka zurfin da aka fara ganin jinsi ana gangarawa shi ake rubutawa, ba inda ya ɓace ba.