Fil na ado irin na da

Wai ni mutane dariya suke min don ina tara tsofaffin fil na ado, wanda ake maƙalawa a gaban riga ko mayafi. To ni dai abina ya yi min.

Jiya na leƙa Babbar Kasuwa wajen wani Buzu mai kayan azurfa, ya zube min su a kan tabarma, wallahi rabi duk sabbi ne anka shafa masu baƙi don su yi kamar sun tsufa. Ni kuwa baya nike fara dubawa ba gaba ba. Na da can maƙallinsu wata 'yar ƙugiya ce kawai a lanƙwashe, ba makulli, kuma allurar takan ɗan zarce gefen fil ɗin, sannan in na Ingila ne na azurfa sau da yawa za ka ga ɗan hatimin zaki a jiki, in da alamar anga (ƙugiyar tsai da jirgin ruwa) kusa da shi to a garin Birmingham anka buga hatimin. Mai lambar 925 a jiki ma azurfa ce amma ba lalle tsoho ba. Maganaɗisu kullum yana jakata, azurfa ba ta kama shi, sai dai allurar takan kama don wani lokaci ƙarfe ce.

Na ce "Baba wanga nawa?" ya ce "ɗiyata ke kin cika bincike", munka yi ta ja. Ɗaya na ɗauka, aikin Agadas, dutsensa guda ya fita amma ba zan sa a cike ba. Hajiyarmu har ta fara cewa na ara mata ranar suna, ban amsa ba tukun.