Ranar da GDB ya ƙi tashi a hannun ɗalibaina

A ɗakin kwamfutar da nake kula da shi a nan Bauchi, saba ɗaya ce, wato babbar kwamfuta, kowa yake shiga, malamai da ɗalibai. GDB ɗin da ke kanta ya tsufa. Ga wanda bai san shi ba, da GDB ake farautar kuskure a manhaja: ka tsayar da ita a layin da kake zargi, ka leƙa abin da ta riƙe, ka bi ta taki-taki. Richard Stallman ne ya fara rubuta shi a 1986. Masu koyon harshen rubuta manhaja na C++ suna bukatar sabo, wani malami kuma yana tsakiyar aiki da tsohon, ya ce kada a taɓa masa.

Sai na koma ga tsarin Environment Modules, wanda John Furlani ya gabatar a 1991. Za ka gina sabon a wurinsa daban, nawa a ƙarƙashin /opt, ka rubuta ɗan fayil, wato modul, mai farawa da #%Module. A ciki, prepend-path zai sa wurin sabon a gaban PATH, wato jerin wuraren da ake duba umarni. Mai so ya buga module load, in ya gama ya buga module unload, tsohon ya dawo.

Ginin ya ci min kwana biyu saboda ɗaukewar wuta. Na haɗa shi da harshen Python, domin in babu shi, ka ce a nuna maka std::vector, wato jerin bayanai a C++, sai ka ga tarkacen da ɗan koyo ba zai gane ba. Na gwada, ya yi aiki, na sanar.

Washegari wata ɗaliba ta ɗaga hannu. "Malam, nawa ya ƙi tashi. Wai bai ga libpython ba."

Ashe kowa haka. Shi libpython laburaren Python ne, wato fayil ɗin da GDB ke nema kafin ya tashi. Python ɗin da na haɗa da shi yana cikin akawun ɗina, kuma watanni da suka wuce na sa hanyarsa a .bashrc nawa, fayil ɗin saitunan akawun ɗina, na manta. Duk gwajin da na yi, a cikin ɗakina na yi shi, inda kayan suke kusa da hannu. Raina ya ɓaci sosai, don darasin ranar ya salwanta.

Da gaggawa na mayar da Python ɗin /opt, na yi niyyar sa LD_LIBRARY_PATH, jerin wuraren da ake neman laburare, a cikin modul. Wani babban abokin aiki ya tsayar da ni. "Malam, dakata. Manhajar da GDB ya tayar tana gadon muhallinsa. In ka canza inda ake neman laburare, ita ma ka canza mata." Wannan maganar ce ta fi zauna min. Abin da aka kawo don ya nuna gaskiyar manhaja zai iya sa ta ɗauki wani laburare dabam, kuskuren ya ɓuya ko ya sauya kama, ɗalibi ya yi ta neman abin da ba ya nan. Sai na sake ginin da rpath, hanyar laburaren ta zauna a jikin GDB shi kaɗai.

Na kuma buɗe akawun na gwaji, fayau, irin wanda ake ba sabon ɗalibi. A nan na buga module purge don sauke duk wani modul, na ɗora modul ɗin, na sauke, na tabbatar tsohon na malamin nan ya dawo yadda yake.

Ranar Litinin ɗalibar ta tsayar da manhajarta a cikin madauki, ta bi ta sau uku, ta ga lissafinta ya zarce ƙarshen jerin da guda ɗaya.