Mai buga takardu da harajin mutane

Shagona yana Garuwa, ba nisa da babbar kasuwa: kwamfuta uku, injin kwafi ɗaya, sai benci da fanka. Da can abincina buga takardar neman aiki ne da yarjejeniyar haya. A 2024 aikin ya sauya, lokacin da hukumar haraji ta Kamaru, wato DGI, ta matsa wa ma'aikata da masu fansho da masu gidajen haya cewa kowa ya riƙa bayyana abin da ya samu a shekara ta intanet. An sa wa'adi 30 ga Yuni, aka yi ta ɗagawa, mutanenmu kuma ba sa motsi sai wa'adi ya zo wuya.

Cike fom ɗin bai kai minti 20 ba idan wuta da intanet sun yarda. Wahalar tana kafin nan. Kowa sai da lambarsa ta haraji, NIU, kuma da yawa wani yaro ne ya buɗe musu da lambar wayarsa, ya tafi Yawunde da kalmar sirrin. Sai mu wuni muna kiran waya.

Ma'aikata su ne masu gardama. "Malam, ai ana yanka mini tun kafin albashi ya shigo hannuna, me kuma zan faɗa?" Gaskiyarsu, ana yanka. Nakan ɗauko takardar albashin in nuna musu layin IRPP, wato harajin kuɗin shiga: kashi 10 cikin ɗari a kan sefa miliyan 2 na farko a shekara, yana hawa har kashi 35 a kan abin da ya haura miliyan 5, ga kuma kashi 10 na harajin da ake ɗorawa don ƙananan hukumomi. Wanda albashi kaɗai yake ci, yawanci ba ya ƙara ko dala. Hukuma kuwa abin da ke gefe take leƙe.

Wani dattijo ya zo mini da la'asar, takardunsa a leda, kan neman takardar shaidar biyan haraji, don ba za a karɓi neman bizarsa ba sai da ita. Na kai kan kuɗin haya, na ce, "Baba, ɗaki nawa ake haya?" Ya gyara hula. "Ɗana, rubuta biyu." Ni kuwa da hannuna na buga masa yarjejeniyar ɗaki shida bara. Na sauke hannu daga kwamfuta, na ce, "Baba, ni abin da kuka faɗa nake bugawa, amma sunanku ne a ƙasa, ba nawa ba." Ya yi shiru, ya ja carbi, can ya ce ɗaya ɗan ƙanensa ne a ciki, sisi ba ya biya. Wannan kam gaskiya ne, na san yaron. Muka rubuta biyar, ya biya ta Orange Money yana tsaki, na fitar masa da rasit kwafi biyu.

Shi ya sa na matsar da teburin harajin can ƙurya, bayan labule, nesa da benci. Yaron shagona ma na hana shi zama wurin. Yana da saurin hannu, amma bakinsa ya fi hannun sauri. Kuɗin aiki jaka biyu nake karɓa, kuma duk wanda na buɗe wa asusu sai ya rubuta kalmar sirrinsa da hannunsa a bayan rasit kafin ya tashi.