Ajiye kurfin nan, ɗana

Ranar Asabar da la'asar na shiga gidan ƙanwata a Boukoki na tarar da babban ɗanta a zaure, ya kwantar da gitarsa kan tabarma, ya kwance farantin robar gabanta, ya zuba kusoshin cikin kofin shayi. Salularsa na jingine da bango tana nuna masa wani Bature yana fafe jikin gita da inji. Shi kuma kurfi ne da guduma a hannunsa, ya aro wurin kafintan bakin titi. Gitar nan uwarsa ce ta saya masa da kuɗin adashenta. Na ce me za ka yi? Ya ce, "Kawu, mikro mai bobin biyu zan sa mata, ƙugin nan ya ishe ni." Mikron nan ba na magana ba ne, abin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin gita ne yana ɗaukar sautinsu, bobin kuma naɗin wayar da ke cikinsa. Na karɓe kurfin. Faɗa na yi masa a ranar, ban yi bayani ba, shi kuma ya sunkuyar da kai irin na yaran yanzu, wanda kana gani ka san kunnensa ba ya wurinka. Shi ya sa na zauna na rubuta, don shi da ire-irensa da ke cike da fadojin Yamai.

Gitata ta farko kwaikwayon Stratocaster ce, ja, ta hannu. Na saye ta wurin wani mai kayan rediyo a bayan Babbar Kasuwa. Ta jabu ce, na kuma sani, amma wuyanta a miƙe yake kuma tana riƙe sauti daidai gwargwado. Wanda bai san irin wannan gita ba ba zai gane abin da ke jan mutum ya buɗe ta ba. Tun da Leo Fender ya fito da ita a 1954 haka ya tsara ta: kusa huɗu ne ke riƙe wuya da jiki, mikro uku da maɓallan murya duk a jikin farantin roba ɗaya suke. Duk wanda ya iya murɗa kusa zai iya raba ta gunduwa-gunduwa kafin shayi na biyu ya nuna. Sauƙin nan shi ya ja ni.

Abin da ya dame ni shi ne abin da ya dami yaron nan. Da na jona ta da ampli, wato akwatin ƙara sauti, sai ƙugi ya tashi, ko ban taɓa tsirkiya ba. A fada ana yi mini dariya, wani ya ce gitar matalauta ke nan, ta gaskiya ba ta haka. Maganar ta zauna mini a rai. Wani da ya ɗan karanta mujallun Faransa ya ce maganinta mikro mai bobin biyu, irin wanda Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson, aka fara sa wa gitarsu mai suna Les Paul a 1957. Kuma gaskiya ya faɗa ta wani ɓangare. Mikro mai bobin ɗaya naɗin siririyar waya ne kewaye da maganaɗisu, yana ɗaukar motsin tsirkiya, yana kuma ɗaukar bugun wutar lantarkin gida, wadda a ƙasarmu take bugawa sau 50 a daƙiƙa. Idan bobin biyu ne aka naɗa su saɓanin juna, sai ƙugin ɗaya ya kashe na ɗaya. Wannan na fahimta. Abin da ban tsaya na tambaya ba shi ne ko ƙugin nawa daga nan yake fitowa.

Kuɗin da mahaifina ya ba ni na yin permi na ɗauka na aika wa yayan abokina da ke karatu a Faransa. Mikron ya fi gitar kanta tsada. Na yi wata da watanni ina jira, ina yi wa tsoho ƙaryar an ɗage jarrabawar tuƙi. Wannan ƙaryar ta fi komai yi mini ciwo har yau, don ya rasu ban gaya masa ba.

Da kayan suka iso sai suka ƙi shiga. Ramin da ke jikin gitar na siririn mikro ne, sabon kuma ya kusa ninka shi faɗi. Ban auna ba kafin in aika kuɗi. Maimakon in tsaya, sai na ɗauko kurfi. Jikin gita mai arha sau da yawa ba dunƙulallen itace ba ne, katako ne mai hawa-hawa da aka manne da gam aka rufe da fenti mai kauri, tawa ma haka take. Da na buga, hawan farko ya ɓare ya bi ta ƙarƙashin fenti har gindin ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa, kusoshin da ke riƙe shi suka saki. Na cusa tsinken ashana da gam, ya riƙe, amma daga ranar kullum sai sautin ya zame in ina tsakiyar kiɗa.

Sai liƙin wayoyi. Ƙarfen dalma na aro wurin mai gyaran rediyo, irin wanda ake ɗorawa kan gawayi. Zafinsa ba shi da ma'auni. Na dafa maɓallin murya har cikinsa ya lalace, na je na samo wani daga tsohuwar rediyo na sa, ban duba lambar da ke bayansa ba. Sai daga baya na san cewa mikro mai bobin ɗaya ana haɗa shi da maɓalli mai lamba 250k, mai bobin biyu kuma 500k yake so, in ba haka ba sautinsa na sama ya dushe. Nawa da na sa ko kusa bai kai ba. Na jona, gitar ta fito da murya kamar mai magana cikin bargo. Ƙugin kuma ya ragu ne kawai, bai tafi ba, saboda rabinsa daga kabul ɗina mai arha yake, da dogon kwan neyon da ke saman kaina, da ɗakinmu da ba a ja masa wayar ƙasa ba.

Zan faɗi abin da ke gefena, don ba duka laifina ba ne. A lokacin wa zan tambaya? Ba intanet a aljihu, ba mai gyaran gita da ka san shagonsa. Waɗanda suka iya ba sa son faɗa, kowa yana tsare cin abincinsa na biki. Kuma da ban buɗe ta ba da ban iya liƙi ba. Har yau idan jak ɗin wani, wato ramin da ake cusa kabul a jikin gita, ya kwance a wurin biki ni ake nema, na kuma ci abinci da wannan hannun a shekarun da ba ni da komai. Wani lokaci in na tuna sai in ce ai kuɗin makaranta na biya. Amma in na ƙara tunani sai in ga ba haka ba ne. Matacciyar rediyo daga kasuwar Katako ta isa ta koya mini liƙi da kuɗin da bai kai na shinkafa da wake ba. Ba sai na koya a jikin abu ɗaya tak da na mallaka ba.

Fenti ma na taɓa. Na gurje jan, na kai aka fesa mata na mota a fili cikin hunturu, ƙura ta manne a jiki. Wannan bai hana ta kiɗa ba, muni kawai ya ƙara mata.

Abin da ya kashe ta shi ne sandar ƙarfen da ke cikin wuya. A cikin wuyan kusan kowace gitar lantarki akwai sanda da ke ja da ƙarfin tsirkiyoyi don kada itacen ya lanƙwashe. Da iskar hunturu ta busar da itacen, wuyan ya ranƙwafo, tsirkiyoyi suka yi sama har yatsa na ciwo, bakin ƙarafan da ke jere a wuya, waɗanda ake danna tsirkiya a kansu, kuma suka fito suna yankar hannu. Na ji an ce a ɗaure sandar. Ba wanda ya ce mini rubu'in zagaye ake yi a tsaya, a bar itace ya huta, a sake dubawa, kuma a sassauta tsirkiyoyi tukuna. Na sa makulli na yi ta murɗawa, da ta yi tauri na ƙara ƙarfi, na ji ƙas. Shi ke nan. Garin neman gira na rasa ido, mikro mai tsada ya rage a jikin gitar da ba ta kaɗuwa.

Bayan nan ne wani dattijon makaɗi, Allah ya jiƙansa, ya karɓi gitar abokina a gabana, irin tawa sak, daga shago ɗaya. Bai sayi komai ba. Ya danna tsirkiya a ƙarfen farko da na ƙarshe ya leƙa tazarar da ke tsakiya, ya ɗan taɓa sandar kaɗan. Ya sauke tsirkiyoyi har tazararsu a ƙarfe na 12 ta dawo wajen milimita 2. Sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gwada sautin tsirkiya a sake da sautinta a ƙarfe na 12: in na biyun ya haura inda ya kamata sai ya ja mazauninta baya ta ƙara tsawo, in ya gaza sai ya turo shi gaba. Ya goga bakin fensir a ramukan da tsirkiyoyi ke bi wajen kai don su daina maƙalewa. Ya sauke mikro kaɗan don maganaɗisu ya daina jan tsirkiya. Da ya zo kan ƙugi sai ya tura makunnin zaɓen mikro zuwa matsayi na 2, inda mikro biyu ke aiki tare, ƙugin ya kwanta, don a gitoci da yawa na tsakiyan an naɗa shi saɓanin sauran. Ya kaɗa ta, fada ta yi tsit. Ni kuwa na tashi na fita, don na gane tawa ma abin da take buƙata ke nan tun farko.

Na zauna da niyyar jero muku shawara goma, amma da na duba yawancinsu abu ɗaya ne. Kada ku yi wa gita abin da ba ya komawa. Kusa ana murɗa ta a mayar, waya ana cire ta a sake liƙawa, itacen da ka fafe ya tafi. In ma dole sai bobin biyun, akwai waɗanda aka ƙera daidai girman siririn rami, ka auna ramin kafin ka aika wa kowa kuɗi. Amma ka fara tambayar kanka wane sauti kake nema. Kiɗan da kuke ji kuna so, na Agadez da Abalak da wuraren bikin Yamai, yawancinsa da wannan siririn mikron mai tsinin murya ake yin sa. Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua, Stratocaster yake riƙewa a manyan dandalin duniya. Kai kuma kana son cire abin da ke ba da wannan muryar saboda wani a bidiyo da ke kiɗan da ko saurarensa ba ka yi.

Na san za a ce ai shi Mdou da hannunsa ya haɗa gitarsa ta farko, da katako da wayar birkin keke. Haka ne, kuma ba zan ce kada ku taɓa komai ba. Ku buɗe, ku duba, ku zana yadda wayoyin suke a takarda kafin ku cire ko ɗaya. Wanda bai san cikin kayansa ba kullum a hannun wani yake. Sai dai shi ya ƙera ne don ba shi da ita. Kai uwarka ta zuba adashe ta saya maka lafiyayya.

Kada ku sayi komai daga waje. Tun da iyakar Benin ta rufu a 2023 kaya sun ƙara tsada da jinkiri, kuma duk abin da ka sa wa gita mai arha, ran da za ka sayar mai saye kuɗin mai arha zai ba ka. To, amma kuma akwai abin da zan ce ku saya ko da daga waje ne: makullan ɗaure tsirkiya in naku suna zamewa, da jak mai kyau, da kabul na kirki. Sababbin tsirkiyoyi ma, ku daina kaɗa masu tsatsa shekara guda kuna zagin mikro. In maɓalli yana ƙarƙar, ƙurar Yamai ce ta shiga, a fesa masa maganin wanke kayan lantarki, ba sai an canja ba. In ƙugi ya yi yawa, a shimfiɗa takardar jan ƙarfe ko ta alminiyom a cikin ramukan a haɗa ta da wayar mas, wato wayar ƙasa ta cikin gitar, wannan ba ya ɓata komai. Kada a bar gita a mota ko a ɗakin kwano a rufe cikin zafin Afrilu.

Abin da ke ba ni haushi da ku shi ne kuna da duk abin da muka rasa, amma ba ku da zama. Mutumin da ke cikin bidiyon yana da gitoci jere a bango, in ɗaya ta lalace ya ɗauko wata, yana da injin fafewa da ma'auni, iskar garinsu ba ta busar da itace irin tamu. Ku kuna kallon sa har tsakar dare, yatsunku kuwa laushi, ko kanta babu. Ga cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya nan cikin gari, ga tsofaffin makaɗa suna zaune ba mai zuwa gaishe su. Kuɗin mikro ɗaya ya isa ka riƙa kai wa ɗayansu goro da sukari yana gyara maka hannu.

Ampli kuwa ban yarda ku buɗe shi ba sam, ko an zare shi daga bango, don akwai kayan cikinsa da ke riƙe wuta bayan an kashe. Tsirkiyoyin gitarka a haɗe suke da mas ɗin ampli ta cikin kabul, wutarmu kuma 220 ce, gidaje da yawa ba wayar ƙasa. In ka ji tsirkiya tana ɗan cizon yatsanka, ko makirufo ya tsikari leɓenka kana riƙe da gita, ajiye ta nan take ka zare wutar ka kira mai lantarki. A wurin biki da damina kada ka tsaya ba takalmi kan jiƙaƙƙen siminti, ko uban ango ne ya ce a fara.